Fashin baƙi: Me ya sa masu kuɗi ke biya su kwana a kogo, kurkuku da ɗakin ƙanƙara?

A shekarar 2022, a wani ƙauye mai suna Saillon a kudancin Suwizalan, an kafa gado na mutum biyu a bakin titi, jikin wani gidan mai. Ba bango, ba rufi, ba ƙofa. Farin zanen gado ne da matasan kai, sai ma'aikacin da zai kawo wa baƙo abin karyawa da safe. Kuɗin kwana ɗaya faran 325 na Suwizalan, wato sama da dala 300. Masu wannan dabara wasu tagwaye ne 'yan ƙasar, Frank da Patrik Riklin, kuma sunan da suka raɗa wa abin nasu shi ne Null Stern, ma'ana otal mai tauraro sifili. Tun 2016 suke girka irin waɗannan gadaje a kan tsaunuka da cikin gonaki, mutane suna bin layi. Ranar da hadari ya haɗo, an fasa kwana.

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram ya san wannan otal ciki da bai. Da an idar da isha'i sai a yayyafa wa tsakar gida ruwa, a fito da tabarma da katifa, a ɗaura gidan sauro, samari su haye saman soro ko su baje a ƙofar gida. Ba wanda ya taɓa ce mana hutu muke yi. Zafi ne ya koro mu daga ɗaki.

Nan bakin zaren yake. Yawancin masaukan ban mamaki da ake tallatawa a intanet, idan aka bi salsalarsu, wuri ne da larura ta taɓa ajiye wani a ciki: talaka, ɗan fursuna, mai haƙar ma'adini, bawan da ke saran gishiri. Abu biyu ne suka mayar da su wurin shaƙatawa, banɗaki mai kyau da ƙofar fita. Baƙo ya san gobe da hantsi zai ɗauki jakarsa ya tafi.

Ba barci ake sayarwa ba

Babban otal na kamfani abin da yake sayarwa shi ne rashin mamaki. Ɗakin da mutum ya kwana a Abuja shi zai tarar a Dubai, shi zai tarar a Landan: gado iri ɗaya, tawul iri ɗaya, ɗan sabulu iri ɗaya. Ga ɗan kasuwar da ya sha tafiya wannan rahama ce. Amma wanda ya yi irin wannan kwana sau ɗari ba shi da labarin da zai bayar idan ya koma gida, shi kuwa mai zuwa hutu labari yake nema, da hoton da zai tabbatar da labarin. Da wayar hannu mai kyamara ta shiga aljihun kowa, sai hoton ɗakin kwana ya zama talla kyauta. Kamfanin Airbnb, wanda aka kafa a 2008 don mutane su riƙa ba da hayar ɗakunan gidajensu ga matafiya, ya fahimci haka har ya ware dala miliyan 10 a 2022, ya raba wa mutum 100, kowa dala 100,000, don kawai su gina masaukai masu siffar da za ta sa mai gani ya tsaya.

Ba sabon abu ba ne dai. Tun 1932 aka buɗe Treetops a dajin Aberdare na Kenya, 'yan ɗakuna a kan bishiya da ke kallon tafkin da giwaye ke shan ruwa. A nan Gimbiya Elizabeth ta kwana daren 5 ga Fabrairun 1952, daren da mahaifinta ya rasu a Ingila, ta hau bishiya tana gimbiya ta sauko tana sarauniya. Mayaƙan Mau Mau, masu yaƙi da mulkin mallakar Ingila, sun ƙone wurin a 1954, aka sake gina wani a 1957, kuma shekara da shekaru wannan labari ɗaya ne ya ci gaba da kawo masa baƙi.

Kogon da aka gudu daga cikinsa

Idan ana son ganin yadda abin kunya ke komawa abin alfahari, a duba Matera. Gari ne a kudancin Italiya da aka sassaƙa a jikin farin dutse mai laushi, a bakin wani ƙaton kwazazzabo. Unguwannin kogon, waɗanda ake kira Sassi, dubban shekaru ke nan mutane na zaune a cikinsu. Zuwa ƙarshen yaƙin duniya na biyu, iyali guda kan kwana a kogo ɗaya tare da jakinsu da tumakinsu da kajinsu, ba famfo, ba magudanar ƙazanta, ga zazzaɓin cizon sauro na ɗibar yara. 'Yan siyasar ƙasar suka riƙa kiran wurin abin kunyar Italiya. A 1952 aka yi doka, aka fara kwashe mazauna, kimanin mutum 15,000, zuwa sababbin unguwanni na bulo da siminti. Kogwannin suka zama kufai.

Sai a 1986 wata dokar ta ba da dama a koma a gyara su. A 1993 hukumar UNESCO ta sa Sassi cikin wuraren tarihi na duniya, a 2019 kuma Matera ta riƙe kambun birnin al'adu na Turai. Yau wasu daga cikin waɗannan kogwanni otal ne masu tsada. An bar bangon da kaushinsa, an bar baƙin hayaƙin da ya yi shekaru yana taruwa a rufi, ana kunna kyandir. Abin da ba ya fitowa a hoto shi ne bututun ɗumama ɗaki da aka binne a ƙarƙashin daɓe, da na'urar zuƙe danshi, da bahon wanka na zamani da aka girka a kusurwar da wataƙila nan turken jaki yake a da. Tsohuwar da aka kwashe daga nan tana yarinya, da za a ce ta biya ta kwana, ai sai ta ce an raina mata hankali.

Kusan haka labarin Matmata yake a kudancin Tunisiya. Can 'yan ƙabilar Barbar ne suka riƙa haƙa rami mai faɗi kamar tsakar gida, sannan su huda ɗakuna a jikin bangon ramin, ta yadda mai tafiya a sama zai iya wuce gida bai sani ba. Ruwan sama mai yawa da aka yi a 1969 ya rusa gidaje da dama, gwamnati ta gina sabon gari, wasu suka koma can. Ɗaya daga cikin gidajen ramin, Otal Sidi Driss, shi ne aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Star Wars da ya fito a 1977 a cikinsa, har gobe kuma masoya fim ɗin ne ke cika shi.

Me ya sa mutane suka shiga ƙasa tun farko? Ƙasa da dutse ba sa saurin ɗaukar zafi, ba sa kuma saurin sakinsa. Da an nutsa 'yan mitoci, yanayin wurin kusan ɗaya ne rani da damina, dare da rana. Wanda ya taɓa jan guga ya san wannan ba sai an karanta masa ba: ruwan rijiya da asubar hunturu ɗumi gare shi, da tsakar ranar bazara kuma sanyi. Ruwan bai canja ba, iskar waje ce ta canja.

Wannan ilimi ne ya raya Coober Pedy, garin masu haƙar dutsen ado mai walƙiya da ake kira opal, a hamadar kudancin Ostireliya, kimanin kilomita 850 arewa da birnin Adelaide. An gano dutsen a 1915. Zafin wurin kan haura digiri 40, ba itatuwan kirki balle inuwa, sai masu haƙa suka ga ramin da suke aiki a ciki ya fi kowane ɗaki daɗin zama, suka mayar da shi gida. A ƙarƙashin ƙasa zafin kan tsaya wajen digiri 23 zuwa 25 duk shekara. Sunan garin ma ana cewa daga harshen 'yan asalin yankin ya fito, ma'anarsa ramin Bature. Akwai coci a ƙarƙashin ƙasa, akwai kantuna, akwai otal irin su Desert Cave da aka buɗe a 1988. Matsalar ɗakin rami ba zafi ba ce, iska ce. Kowane ɗaki sai an huda masa bututu har sama, shi ya sa mai yawo a garin zai ga bututai sun tsiro a kan tuddai kamar an shuka su. Ga duhu kuma. Da an kashe fitila, ko tafin hannunka ba ka gani, ba asuba ba hantsi, sai agogo ya tashe ka.

Kapadokiya ta ƙasar Turkiyya ita ce ta fi kowa cin kasuwar kogo. Dutsen wurin tokar aman wuta ce da ta daskare, ana iya sassaƙa ta da ɗan gatari, har akwai birnin ƙarƙashin ƙasa na Derinkuyu mai zurfin kusan mita 85 da mutane suka riƙa ɓuya a ciki lokacin hari. Garuruwan Göreme da Ürgüp cike suke da otal na kogo, wasu na ainihi, wasu kuma ginin jiya ne aka yi wa kwalliyar kogo. Laushin da ya sa dutsen ke sassaƙuwa shi ne kuma rauninsa, domin ba ya shiri da ruwa, ga shi kowane mai otal yana son ya sa wurin ninƙaya a inda kakanni tulu ɗaya suke ajiyewa.

Gidan gishiri, da dokar hana lasar bango

A ƙasar Boliviya akwai fili mai suna Salar de Uyuni, tsohon tafki da ya ƙafe ya bar gishiri shimfiɗe a faɗin sama da murabba'in kilomita 10,000, a kan tudu mai tsayin fiye da mita 3,600. Wurin ba itace, ba dutsen gini a kusa, kawo siminti kuwa tsada. Sai aka yanka gishirin bulo-bulo aka yi gini da shi. Otal ɗin Palacio de Sal an yi shi ne da bulon gishiri kusan miliyan ɗaya: bango, daɓe, gado, tebur, kujera. Akwai dokar da ta hana baƙi lasar bango, kuma da ba a samu masu lasa ba da ba a kafa ta ba.

Abin lura a tarihinsa shi ne otal na farko, wanda aka gina a farkon shekarun 1990, a tsakiyar filin gishirin yake. Kyan gani ba a magana. Amma ina za a kai bayan gida da ruwan wanka a wurin da ko'ina gishiri ne, ba ƙasar da za a haƙa shadda ta tsotse? Ƙazanta ta fara ɓata wurin, a 2002 aka rufe shi, daga baya aka gina sabo a bakin filin inda za a iya yin magudana. Ni a ganina wannan ne sirrin harkar baki ɗaya. Gina ɗaki a kan bishiya ko a cikin dutse ba shi ne aiki ba. Aikin shi ne yadda ruwa zai shiga da yadda ƙazanta za ta fita, kuma rabin kuɗin da baƙo ke biya nan yake tafiya.

Ginin gishiri ba baƙon abu ba ne a hamadarmu. Ibn Baɗuɗa ya sauka a Taghaza, arewacin Mali ta yau, a 1352, ya tarar da gidaje da masallaci duk na gishiri, an rufe su da fatun raƙuma. Bai yaba ba ko kaɗan. Ya ce ba itace, ruwan zartsi ne, ga ƙuda, mazauna wurin kuma bayi ne masu saran gishiri. Kwana goma ya yi a takure. A Fachi da Bilma ta Nijar, inda ayarin Abzinawa ke ɗauko kantu da beza, tsofaffin gidaje da ƙasa mai gishiri aka gina su, abin da ke yiwuwa kawai saboda ruwan sama ba ya zuwa sai jefi-jefi.

Ranar da ya zo kuwa, sai a tambayi mutanen Siwa a hamadar yammacin Masar. Tsohon garinsu, Shali, da cakuɗen gishiri da laka aka gina shi, ya yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, ruwan kwana uku a 1926 ya narkar da shi kamar sukari a shayi. A Siwan nan akwai otal mai suna Adrère Amellal da aka gina da irin wannan laka, kuma babban abin da yake taƙama da shi shi ne ba shi da wutar lantarki sam. Da magariba ma'aikata ke bi suna kunna kyandir da fitilu. Manyan masu kuɗin duniya na zuwa su biya ɗaruruwan daloli don su kwana a gidan ƙasa ba wuta. Mai karatu a Kano ko Maraɗi yana iya ajiye wayarsa ya yi dariya, zan jira shi.

Otal ɗin da ke komawa kogi

Ɗakin ƙanƙara ya ɗan bambanta, don shi ba gadon talauci ba ne, wasa ne da aka mayar sana'a. Jukkasjärvi ƙauye ne a arewacin Suwidin, kusa da garin Kiruna, kimanin kilomita 200 cikin yankin Aktik mai ƙanƙara na ƙuryar arewacin duniya. Wani mai harkar yawon buɗe ido, Yngve Bergqvist, yana samun baƙi da rani, da sanyi kuwa ko ƙuda. A 1989 ya fara gayyato masu sassaƙa ƙanƙara, aka gina zauren baje koli da dusar ƙanƙara, daga baya wasu baƙi suka nemi a bar su su kwana a ciki. Sun tashi da ransu, har da murna. Daga nan Icehotel ya samo asali.

Yadda ake yin sa ya fi kwanan ban sha'awa. Wajen watan Maris, lokacin da ƙanƙarar kogin Torne ta kai iyakar kaurinta, ake yanko ta da manyan zarto, kowane gunduwa kusan tan 2, a jibge a rumbun sanyi har rani ya wuce. A Nuwamba sai a kafa manyan ƙarafa masu siffar baka, a feshe su da cakuɗen dusar ƙanƙara da ruwa, a bar shi ya daskare kwana biyu, a zare ƙarfen, rufi ya tsaya da kansa kamar bakan gizo na ginin soro. Masu sassaƙa daga ƙasashe daban-daban kowa ya ɗauki ɗaki ya ƙawata. A Disamba a buɗe, a Afrilu rana ta dawo, ginin ya narke ya gangara kogin da aka ɗebo shi. Baɗi a sake sabo, ba ɗakin da ke maimaita kansa. Tun 2016 akwai wani ɓangare da ba ya narkewa, ana sanyaya shi da wutar hasken rana, tunda da rani a can rana ba ta faɗuwa.

A cikin ɗakin sanyi digiri 5 ne ƙasa da sifili, ko da waje ya kai 30 ƙasa da sifili, domin dusar ƙanƙara cike take da iska, tana tare sanyi kamar bargo. Gadon ƙanƙara ne, amma akwai katifa a kai, da fatun barewar yankin, sai buhun barci mai kauri da mutum zai shige ya zuge har wuya. A ɗakunan da ke narkewa babu banɗaki. Banɗaki da wurin wanka da akwatin ajiye kaya duk suna wani gini mai ɗumi a gefe, wanda fitsari ya kama da tsakar dare sai ya fito daga buhu ya sa takalmi ya taka. Da rana ɗakin ma ba naka ba ne, 'yan kallo ke shiga suna ɗaukar hoto, sai da yamma a ba ka shi. Shi ya sa yawancin baƙi kwana ɗaya suke yi a ƙanƙara, sauran kwanakin a ɗaki irin na kowa. A 2013 hukumomin ƙasar suka ce sai an sa ƙararrawar gobara a ginin. Duniya ta yi dariya, amma katifa da fata da matashi ai suna cin wuta.

Musulmin da ya yi niyyar zuwa yana da nasa lissafin da ba ya cikin takardar talla. A yankin Kiruna rana ba ta fitowa kusan mako uku a watan Disamba, daidai lokacin da otal ɗin ke buɗewa. Malamai sun yi bayanin yadda ake ƙaddara lokutan salla a irin waɗannan wurare, wasu da gari mafi kusa da dare da rana ke rarrabuwa, wasu da lokacin Makka, don haka gara mutum ya tambaya tun yana gida. Alwala kuwa a gini mai ɗumi za a yi ta, a goge jiki sarai kafin a fito.

Ƙarƙashin ruwa

Ɗakunan ƙarƙashin ruwa iri biyu ne, kuma bambancinsu ya shafi lafiyar mai kwana. Na farko shi ne irin Jules' Undersea Lodge a Key Largo ta jihar Florida a Amurka, tsohon ɗakin binciken masana teku da aka mayar masauki a 1986. Ƙofarsa tana ƙasa, wajen mita 6 cikin ruwa, sai an yi nutso da tukunyar iska a baya sannan a ɓullo ta wani rami a daɓen ɗakin. Ramin a buɗe yake, amma ruwa ba ya shigowa. A kifa kofi a cikin bokitin ruwa a danna shi ƙasa, za a ga iskar ciki ta hana ruwa hawa. Haka ɗakin yake, ana tura masa iska daga tudu ba tsayawa. Illar ita ce mutum ya kwana yana shaƙar iska mai matsi, jininsa ya kwashi sinadarin naitirojin fiye da ƙima, don haka an hana shi hawa jirgin sama sai bayan awa 24 da fitowa. A nan ne wani malamin jami'a, Joseph Dituri, ya yi kwana 100 a 2023.

Na biyu akwati ne rufaffe mai tagogi, ana sauka cikinsa ta matakala daga sama, iskar ciki irin ta waje ce, ba nutso ba jiƙewa. Irinsa ne ke tsibirin Pemba na Tanzaniya, a Manta Resort, tun 2013: wani ɗan gida mai shawagi a teku, ɗakin kwanansa na mita 4 ƙarƙashin ruwa. Irinsa ne kuma Muraka a tsibiran Maldives, wanda aka ƙera a Singafo, nauyinsa tan 600, aka ɗauko shi a jirgin ruwa aka nutsar a 2018, aka fara tallarsa a kan dala 50,000 kwana ɗaya. Wahalar irin wannan gini ba hana shi nutsewa ba ce, hana shi tasowa ce, don akwati mai cike da iska kullum sama yake nema, sai an ɗaure shi tamau a ƙasan teku. Sannan dole masu nutso su riƙa goge gansakuka daga gilashin, in ba haka ba cikin ɗan lokaci baƙo kore kawai zai gani.

Gidan yari da sauran kayan gwanjo

Kurkuku da otal ginin su ɗaya ne idan aka duba: dogon baranda, ƙananan ɗakuna a jere, kowanne da ƙofa da lamba. Kuma tsofaffin gidajen yari yawanci a tsakiyar gari suke, inda fili ke da tsada, ga doka ta hana rushe su saboda tarihi. Gidan yarin Sultanahmet a Santambul, tsakanin masallacin Aya Sofiya da bakin teku, ya daina aiki a 1969, ya zama otal na Four Seasons a 1996. Na Charles Street a Boston, inda aka taɓa tsare Malcolm X, ɗan gwagwarmayar baƙaƙen fatan Amurka, an rufe shi a 1990, ya dawo a 2007 da sunan Liberty, wato 'yanci. A Oxford ta Ingila, ɗakin fursuna uku ake fasawa a haɗa su zama ɗakin baƙo ɗaya, biyu na kwana ɗaya na wanka. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna yadda fursunoni suka zauna a da.

Na Karosta a ƙasar Latbiya shi bai yarda da kwalliya ba. Tsohon kurkukun soja ne da ya yi aiki har 1997, kuma baƙon da ya zaɓi cikakken shiri sai ya sa hannu a takarda cewa ya yarda a yi masa tsawa, a sa shi tsallen kwaɗo, a kulle shi a ɗaki mai gadon ƙarfe. Ma'aikata ne ke shigar gandirobobi. A nan ni dai na tsaya. An harbe mutane a harabar gidan nan, kuma ban ga yadda wahalar da wani ya mutu a cikinta za ta zama wasan dare ɗaya ba, ko da masu wurin na cewa darasin tarihi suke koyarwa.

Sauran kayan gwanjon ba su da wannan nauyi. A dajin Kruger na Afirka ta Kudu an ajiye taragon jirgin ƙasa a kan tsohuwar gadar kogin Sabie tun 2020, baƙi na leƙen dorina da kada daga gado. A Ostiriya akwai masaukin da aka yi da manyan bututan kwalbati na kankare, gado ɗaya a kowanne. A Japan, otal mai ɗakuna kamar akwati, tsawon mita 2 faɗin mita 1, ya fara ne a Osaka a 1979 don ma'aikatan da jirgin ƙarshe na dare ya tafi ya bari, ba don nishaɗi ba. Yanzu 'yan yawon buɗe ido na shiga don sha'awa, har wata ƙungiyar agaji ta gwada irinsu a Mina a aikin Hajjin 2018, don alhazai su ɗan runtsa.

Ba duka ke ɗorewa ba. Mamaki abu ne da ake sayar wa mutum sau ɗaya, wanda ya kwana a jirgin sama da ba ya tashi ba zai dawo baɗi ba, ga ɗakunan kaɗan, ga gyara da tsada. Jumbo Stay, jirgin Boeing 747 da aka ajiye a filin jirgin Arlanda na Suwidin aka mayar masauki a 2009, ya rufe a 2025. Wani otal a Japan mai suna Henn na, da ya buɗe a 2015 da mutum-mutumi a matsayin ma'aikata, ya sallami kusan rabinsu a 2019. Mutum-mutumin da aka ajiye a ɗakunan kwana yakan ji minsharin baƙo ya ɗauka magana ake masa, ya tashe shi yana tambayar me ya ce.

To mu fa?

Tambayar da kan biyo baya ita ce me ya hana mu yin haka da ginin ƙasa. Kayan dai akwai su: tubali, azara, makuba, bakan gizo, zanen bango irin na Birnin Damagaram da Zariya, da ilimin da magina suka gada tun zamanin shahararren maginin Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu. Soro mai kaurin bango yana yin abin da kogon Coober Pedy ke yi, sanyi da rana, ɗumi da dare. An ma taɓa gwadawa. A Agadas, wadda UNESCO ta sa tsohon garinta cikin wuraren tarihi a 2013, Otal de l'Aïr ginin ƙasa ne da ake dangantawa da Kawsan, jagoran Abzinawan da suka yi wa Faransawa tawaye a 1916 zuwa 1917, yana fuskantar hasumiyar masallacin nan mai tsayin mita 27. Akwai lokacin da jirage ke kawo 'yan yawon buɗe ido kai tsaye daga Faransa. Tawayen 2007 da sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a 2010 suka tsinke wannan hanya. Mai neman kwanan ban mamaki yana son tsoron wasa ne, da ya ji ƙanshin na gaske sai ya canja tikiti.

Idan baƙon waje bai zo ba, saura na gida, shi kuma ba ya so. Mutumin da ya tashi a ɗakin ƙasa, ya sha tara kwano a ƙarƙashin yoyo, ya sha ɗaukar laka lokacin yaɓe, in Allah ya hore masa ya je hutu tayil yake nema da na'urar sanyaya ɗaki da ruwan zafi a famfo. Ban ga laifinsa ba. Mutanen Matera ma haka suka yi, sai da aka haifi waɗanda ba su san warin kogon ba sannan aka fara ganin kyansa, tsakanin dokar kwashewa da dokar komawa shekara 34.

Sai dai kogon Matera dutse ne, ya zauna shekaru ba kowa a ciki bai rushe ba. Ginin ƙasa ba ya jira haka. In aka daina yaɓe, indararo ya toshe, gara ta shiga azara, 'yan daminoni kaɗan sun isa. A watan Satumban 2024, bayan ruwa mai yawa, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube ƙasa mutane na tsaye suna ɗauka da waya.